Wa ke jinyar mai jinya?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro. Yau ni da Malam Bashir da Anti Maryam, wadda ta daɗe tana aikin nas, za mu tattauna kan masu jinyar ɗan uwa a gida, mai cutar mantuwa ko mai cutar mutuwar jijiyoyin motsi. Anti, yaya bambancinsu yake?

Maryam: Mai cutar mantuwa jikinsa na iya zama garau, amma ya tambaye ki abu ɗaya sau goma. Da yamma ta yi sai ya rikice, ya ce shi gida zai tafi, alhali yana cikin ɗakinsa. Ɗayar kuwa tsoka take cinyewa: hannu, ƙafa, magana, haɗiya, a ƙarshe numfashi. Sau da yawa hankalinsa ras, yana ganin komai.

Bashir: Ita ce ta kama masanin kimiyyar nan Stephen Hawking, ko?

Maryam: Ita ce, Malam. Ya rayu da ita daga 1963 har 2018, amma ba kasafai ake samun haka ba. Yawanci shekara 2 zuwa 5 ne bayan an gano ta, kuma maganin riluzole watanni kaɗan yake ƙarawa.

Hadiza: Cutar mantuwa kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana jikin mutum sama da miliyan 55, kuma kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyarsu mata ne ke ɗauka.

Bashir: Abin da ke damuna ke nan. Dangi su zo dubiya, su yi sannu, su tafi. Ba mai tambayar matar da ke jinyar ko ta runtsa.

Maryam: Ina barci? Wanda ba ya iya motsi sai an juya shi duk bayan awa biyu, kada gyambon kwanciya ya fito. Wajen cin abinci ta zaunar da shi tsaye, ta ba shi rabin cokali, ta zuba wa maƙogwaronsa ido har ya haɗiye, gabanta na faɗuwa kada ya ƙware. In ta daka masa tsawa don gajiya, sai ta kwana tana kuka.

Hadiza: To me ɗan uwa zai yi, Anti?

Maryam: Ya daina cewa "in kina buƙatar wani abu ki faɗa". Kunya ba za ta bar ta ba. Ya ce, "Yaya, ranar Laraba daga azahar zuwa magariba ni zan zauna da Baba, je ki kwanta." Kuma ya cika alkawari.

Bashir: Amma wasu tsoro suke ji, ba su iya ba.

Maryam: Ana koyo. Hukumar nan ta fitar da darussan iSupport don masu jinyar cutar mantuwa. Abu na farko dai, kada ka yi musu da mai cutar. In ya ce gida zai tafi, ka kama hannunsa ku ɗan zaga, ka tambaye shi labarin gidan.

Hadiza: Madalla, Anti. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.