Babu ƙanƙara, to me ya sa sanyi ke kashe mutum a kan tudun Kinder Scout na Ingila?

Tun da hotunan masu tattaki a tuddan arewacin Ingila suka fara yawo, tambaya ɗaya kuke ta aiko mana: wuri shimfiɗaɗɗe haka, ba dusar ƙanƙara, ba dutse mai tsini, ina haɗarin yake?

Mu duba wurin da kyau. Tudun Kinder Scout tsayinsa mita 636 ne kacal. Ta gefensa hanyar masu tattaki ta Pennine Way ta ratsa, wadda aka buɗe a 1965, mai tsawon mil 268. Ba bishiya ko ɗaya. Ciyawa ce gajera, sai wannan baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi mai riƙe ruwa kamar soso. Ƙafar mutum kan nutse a cikinta har gwiwa, da ƙyar yake zaro ta da takalmin.

Maganar shiri ba za mu daɗe a kanta ba. Taswirar takarda, kamfas, tocila, abinci, sannan a faɗa wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Lissafin lokaci kuwa, tun 1892 wani mai hawan tsaunuka, William Naismith, ya ba da shi: awa ɗaya a kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya a kowane mita 600 na hawa. A cikin taɓo irin wannan, ku ƙara da yawa.

Yanzu ga inda ake kuskure, kuma a nan za mu zauna.

Mutum yana hawa, jikinsa ya ɗau zafi, yana zufa. Rigar auduga ce a jikinsa, ta shanye zufar nan tsaf. Yayyafi ya jiƙa ta waje. Muddin yana tafiya ba ya jin komai, domin jiki na ta hura wutarsa. Sai ya gaji. Ya rage sauri, ko ya zauna ya huta. Wutar ta ragu, amma jiƙaƙƙiyar rigar tana nan manne da fata, ga iska tana kaɗawa ba abin da ya tare ta. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da busasshiyar iska kusan sau 25. Idan zafin cikin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙwaƙwalwa ma tana taɓuwa. Sai ka ga hannu ya kasa jan zif ɗin riga. Daga nan sai tuntuɓe, magana ta fara sarƙewa, mutum ya yi shiru ko ya kama faɗa ba dalili. Ka tambaye shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Idan makyarkyata ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, to abin ya yi nisa.

A watan Maris na 1964, matasa uku 'yan sikawut suka rasu a waɗannan tuddai, a gasar tattaki ta Four Inns. Ruwan sama da iska ne suka same su. Dakta Griffith Pugh, wanda ya yi aiki da tawagar da ta hau Everest a 1953, ya binciki lamarin, ya nuna cewa tufafi idan suka jiƙe ga iska, kusan duk kariyarsu ta tafi.

To me ake yi? A fara tafiya da ɗan sanyi-sanyi a jiki, kada a rufe kai ruf tun daga ƙasa. Zufa ta fara, a cire riga ɗaya. Za a tsaya, a ƙara riga nan take, tun kafin a ji sanyi. Wallahi wannan minti ɗayan shi ne mutane ke ƙyashi. Ulu ko yadin roba a jikin fata, rigar ruwa a waje, busasshiyar riga a ƙulle cikin leda a jaka. A riƙa ɗan cin abu ana tafiya, ko ba a jin yunwa, don abinci ne makamashin.

Abokin tafiya ya fara waɗancan alamu, a tsaya. A nemi kwari ko bayan dutse, a canja masa jiƙaƙƙun kaya, a shimfiɗa jaka ya zauna a kai don ƙasar ma tana zuƙe zafi, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana iya haɗiyewa. A Birtaniya 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceto a tsauni ake so. 'Yan sa-kai ne, kuma kafin su iso wuri irin wannan ana iya shafe awanni. In wayar ba sabis, a busa usur sau 6, a dakata minti ɗaya, a sake.