Sharhi: Idan Injin Ƙaramin Jirgi Ya Mutu a Sama

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk sanda aka ce injin ƙaramin jirgi ya mutu a sama, mutane sukan ɗauka jirgin rikitowa zai yi kamar dutse. Ba haka abin yake ba. Fukafukai ne ke riƙe da jirgi, inji ja kawai yake yi. Cessna 172, mai kujeru huɗu da inji ɗaya, ko injinsa ya yi shiru yana ci gaba da shawagi, kuma duk mita ɗaya da ya sauko sai ya ci kusan mita 9 gaba. Matuƙin da ke da tazara tsakaninsa da ƙasa yana da damar zaɓen gona ko fili ya sauka.

Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, mai ne bai kai masa ba. Wani tankinsa ne ya ƙafe. Wani kuma akwai mai a tanki na biyu, amma bai juya makunnin sauya tanki ba. Akwai kuma ruwan da kan kwanta a gindin tanki, shi ya sa kafin tashi matuƙi kan tsiyayi mai kaɗan a 'yar kwalba, ya ɗaga ta ga haske ya duba. Ita kuwa kabureta, iskar da ke ratsa ta sanyi take yi sosai, har ƙanƙara ta toshe ta a ranar da ake jin ɗumi, muddin akwai laima.

Mu tuna da mawaƙin nan na Amurka, John Denver, wanda ya mutu ranar 12 ga Oktoba, 1997, a gaɓar Monterey ta jihar Kalifoniya. Ya tashi da mai kaɗan a jirginsa samfurin Long-EZ. Makunnin sauya tanki yana bayan kafaɗarsa ta hagu, sai mutum ya murɗa jikinsa kafin hannu ya kai. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa a ƙoƙarin juya makunnin ne jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa teku. Mutum ne da ya daɗe yana tuƙi, ba sabon shiga ba.

Mafi hatsari shi ne inji ya ɗauke jim kaɗan bayan tashi. Titin jirgi na nan a baya, zuciya kuma na cewa a juya. Amma juyi na cin tazara, gudu na raguwa, kuma idan matuƙi ya ja hancin jirgin sama don tsoron ƙasa, sai iska ta saki fukafukan, jirgin ya kife ya yi ƙasa da ka. Malaman tuƙi na nanata wa ɗalibai: sunkuyar da hancin nan take, riƙe gudun shawagi, nemi wuri a gabanka, sannan ka yi kiran neman agaji. Sauka a gona na iya karya ƙafafun jirgin, amma mutane kan buɗe ƙofa su fito da ƙafafunsu.

Don haka ina ganin bai kamata atisayen mutuwar inji ya tsaya a makarantar koyon tuƙi kawai ba. Mai jirgin kansa, wanda kan yi makonni bai tashi ba, shi ya fi bukatar ya ɗauki malami lokaci zuwa lokaci, a rage masa wutar inji ba zato, a ga inda hannunsa zai fara zuwa.