Tafasa a bayan gida a Jojiya: shuka, ban ruwa da tsinkar ganye

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya. Nan bayan gidanmu ne a kudancin Atlanta, jihar Jojiya a Amurka, kuma Yuli ya kusa ƙarewa. Ku matso ku dubi bokitan nan da ke jere a gindin katanga. Duk wanda ya tashi a karkara ya riga ya gane ta tun kafin in yi magana. Tafasa ce, wadda muke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli a Daura, ita ce tsaye a nan ta kai mini ƙugu. Da yawa daga cikinku kun tambaye ni yadda nake ba ta ruwa, shi ya sa na fito da kyamara tun rana ba ta yi zafi ba.

Ban ɗauko irin daga gida ba, kuma ina roƙon kada kowa ya cusa iri a jaka ya shigo da shi ƙasar nan, domin shigo da iri sai da izinin hukumar aikin gona. Ba ma buƙatar hakan. Tafasa ta cika kudu maso gabashin Amurka, daga nan Jojiya har Alabama da Mississippi da Florida, kuma masana tsirrai na ganin asalinta ma daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne ta bazu duniya. In kin bi hanyar Albany ko Tifton a ƙarshen Satumba, za ki gan ta a bakin gonakin gyaɗa da auduga da waken suya, kwansonta ya bushe. Wajen rabin gyaɗar Amurka a jihar nan ake nomawa, kuma tafasa na cikin ciyayin da suka fi ba manomanta wahala. Daga busasshen kwanso na samo irina. Ganyen bakin gona kuwa ba na taɓawa, saboda feshin maganin ciyawa da ake yi a wurin. Wanda zai ci tafasa a nan, ya shuka abarsa a gida.

Bari in kusanto da kyamara, domin akwai 'yar uwarta da ake rikita su, wato rai-ɗore, kuma ita ma tana nan Jojiya. Ku ƙirga da ni: ganyen tafasa biyu-biyu ne har sau uku, bakinsa a zagaye, ya fi faɗi ta can gaba. Na rai-ɗore ya fi haka yawa, bakinsa da tsini. Kwanson tafasa siriri ne dogo, ya lanƙwasa, na rai-ɗore ya fi faɗi. Ga kuma wani ɗan ƙullutu nan tsakanin ganyayen farko, kun ga tururuwa a kansa? Ruwa mai zaƙi yake fitarwa, shi suke sha. Kada wanda bai tabbatar da abin da ya tsinko ba ya sa a tukunya.

Shukar ba ta da wuya, abu guda ne ke hana mutane ganin tsiro. Ɓawon irin tafasa tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa yake iya kwanciya shekaru cikin ƙasa bai ruɓe ba bai fito ba. Sai an ji masa ɗan rauni. Ni abin yanke farce nake sawa in ɗan ɓalli gefensa, ko in goga shi a samfefa har launin ciki ya leƙo, sannan in jiƙa shi ya kwana. Da safe wanda ya kumbura shi ne ya shirya. A binne shi zurfin gaɓar yatsa guda. Amma a jira ƙasa ta ɗumama tukuna. A nan sanyin da ke ƙona tsiro yakan wuce a farkon Afrilu, duk da haka ba na shukawa sai Mayu, lokacin da zafin ƙasa ya haura digiri 20. In an yi haka, cikin mako guda za a ga kunne biyu sun ɓullo.

To, ga zancen ruwa, wanda shi ya tara mu.

Tafasa ba ta mutuwa da ƙishirwa cikin sauƙi. A gida wa ke ba ta ruwa? A jigawa take fitowa, a bakin hanya, a kan juji, a burtalin shanu, ta sha ruwan farko ta tashi, in an yi fari na kwana goma tana nan tsaye gero na naɗe ganye. Saiwarta ce ke nutsawa can ƙasa ta nemo laima. Saboda haka in don ta rayu ne kawai, ba ta buƙatar butata. Ni don ganye nake ba ta ruwa. Tafasar da ta sha ƙishirwa ganyenta ƙanana ne, masu kauri, masu ɗaci, kuma tana saurin tsufa. Wadda ta sami laima daidai gwargwado ita ke ta fitar da sabon toho mai laushi, irin wanda Inna ke aiken mu tsinkowa a farkon damina. Wannan shi ne ma'aunina a duk abin da zan nuna muku.

Matsalar Jojiya ba ƙarancin ruwa ba ce. Atlanta na samun kusan milimita 1,270 a shekara, kusan ninki biyu na abin da ke sauka a wajenmu, ga shi kuma ƙasar nan jar laka ce mai riƙe ruwa. Ku ga wannan da na haƙo: in ta jiƙe ta yi danƙo, in ta bushe ta yi tauri. Da na zuba ta zalla a bokiti, da saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Abin da nake yi, kashi ɗaya jar ƙasa, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Bokitin mai cin lita 19 ne, irin na fenti da ake sayarwa ko'ina a nan, na huda gindinsa wuri da yawa, na ɗora shi a kan bulo don ruwa ya samu hanyar fita. Ban sa faranti a ƙarƙashi ba. Ruwan da ya kwanta a faranti sauro yake haifarwa, kuma sauron nan mai zane-zane da rana tsaka yake cizo. Tsiro biyu sun isa bokiti guda.

Kafin in zuba ko ɗigo, yatsa nake turawa cikin ƙasar har gaɓa biyu. Ku duba. Na sama ya bushe, amma can ciki da sanyi-sanyi, kuma da na damƙo ta sai ta dunƙule, in na taɓa ta warwatse, kamar tsakin dambu da aka yayyafa wa ruwa. Wannan bokitin ba ya buƙatar komai yau. Mu je na ƙarshe, wanda rana ta fi duka. Kun ga wannan, har ciki ƙura ce, kuma da na ɗaga bokitin ba nauyi. Shi zan ba.

A gindi nake zubawa, a hankali, in tsaya ƙasa ta shanye, in ƙara, har sai na ga ruwa na fita ta hudojin ƙasa. Daga nan na gama da shi sai ya sake bushewa. Yayyafin kullum-kullum na ɗan kofi guda ba alheri ba ne gare ta, saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta ƙi nutsawa ta tsaya a sama, ranar da aka yi zafi sosai kuwa tsiron ya langaɓe. A irin wannan wata, da zafi ke wuce digiri 32, bokiti kan nemi ruwa bayan kwana biyu ko uku. Wadda na shuka a ƙasa can kusa da kuɓewa, sau ɗaya a mako ya ishe ta, in kuma hadarin la'asar ya sauko, wanda a nan ba ya wuya a Yuli da Agusta, sai in bar ta da abin da Allah ya ba ta. Banda makonni biyun farko: jaririn tsiro ba shi da saiwar neman ruwa, dole a riƙa duba shi kowace safiya, ƙasar ta kasance da danshi amma kada ta yi caɓi, don caɓi ke sa wuyansa ya ruɓe ya faɗi.

Ga wani abu da nake so ku riƙe da kyau, domin shi ke sa mutane kashe tafasarsu da ruwa. Da magariba ta gabato za ka ga ganyenta sun haɗe biyu-biyu sun sunkuya. Ba ƙishirwa ba ce, barcinta ne, haka take yi kowane dare ko a cikin fadama take. Mai aiki da ya dawo gida da yamma ya gan ta haka sai tausayi ya kama shi ya ɗauko tiyo, gobe ma haka, jibi ma haka, har ganyen ƙasa su soma rawaya suna zuba, shi kuwa ya ɗauka ruwan ne bai isa ba ya ƙara. A duba ta da hantsi. In da hantsi ganyen a buɗe suke suna fuskantar rana, lafiyarta ƙalau. In da hantsi ta yi yaushi, sannan ne take kuka.

Da safe nake ban ruwa, kuma ba na jiƙa ganye. Iskar nan cike take da laima, ganyen da ya kwana a jiƙe naman gwari ke kama shi ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Akwai ma wani nau'in naman gwarin da masu bincike a Mississippi suka gwada a shekarun 1980 don su kashe tafasa da shi a gonakin waken suya, kuma sai ganye ya daɗe da raɓa a kansa yake kamawa. Abin da su suke nema ya faru, ni shi nake gudu. Game da doka kuma, tun bayan farin 2007 da tafkin Lanier, mai ba Atlanta ruwan sha, ya ja baya sosai, jihar ta yi dokar tattalin ruwa a 2010, wadda ta ce ban ruwan farfajiya daga ƙarfe 4 na yamma ne zuwa 10 na safe. An ɗauke wa lambun abinci na gida da mai bayarwa da hannu wannan sharaɗin, amma ni ina bin lokacin, don ruwan tsakar rana ya fi saurin bin iska. Busasshen ganyen itacen fain ɗin nan da na shimfiɗa a saman bokiti shi ma yana rage bushewa.

Taki kaɗan take so. Ko da yake dangin wake ce, ba ta ƙulla 'yan ƙullutan saiwa da wake da gyaɗa ke yi su ƙara wa ƙasa ƙarfi, don haka bayan kowace tsinka nakan barbaɗa mata tafin hannu guda na ruɓaɓɓen taki in bi da ruwa.

Yanzu tsinka. Kan toho nake cirewa, ganye uku ko huɗu na sama, da farce. Duk inda na cire, rassa biyu ke fitowa, tsiron ya yi faɗi maimakon tsawo. Waɗannan 'yan tsutsotsin kore da kuke gani na malam-buɗe-littafi ne mai ruwan ɗorawa, tafasa ce abincinsu, na bar musu bokiti ɗaya. Barewa kuwa, da ta cinye mini kan kuɓewa, ko sunsunar tafasa ba ta yi. Ganyen ba a cin sa ɗanye. A tafasa shi da 'yar kanwa, a zubar da ruwan, a matse, sannan a kwaɗa da ƙuli da albasa da barkono da man gyaɗa, ko a zuba a dambu. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, tana sakin ciki. Abin da ya yi saura a inuwa nake shanya shi. Mutanen Darfur da gabashin Chadi har ruɓar da ganyen suke yi a tulu a binne, su samu kawal na miya, wanda ke tsaya musu a madadin nama. A Nijar kuma, a yunwar 2005, ganyen nan na cikin abin da ya riƙe gidaje da yawa a yankin Maraɗi da Damagaram kafin sabon gero ya nuna. Shi ya sa raina ba ya so in ji an raina ta.

Amma ina fahimtar maƙwabcina. Dattijo ne da ya tashi a gonar gyaɗa a kudancin jihar, ya leƙo ta kan katanga ya ga abin da nake reno, ya ce yarintarsa duk a tugar wannan ciyawa ta ƙare. Gaskiyarsa. Kwanso ɗaya na ɗauke da 'ya'ya 20 zuwa 30, tsiro guda na iya zubar da dubbai, kuma in suka gauraya da hatsin dabbobi suna cutar da shanu da kaji. Na yi masa alkawarin ko ƙwaya ɗaya ba za ta tsallaka gidansa ba, kuma ina so duk mai bina a nan ƙasar ya ɗauki wannan nauyin. Da dare ya fara tsawo a ƙarshen Agusta za ta ɓarke da fure ruwan ɗorawa, bayansa kwanso. Tsiro ɗaya tak nake bari ya yi iri, in ɗaure kwansonsa cikin jakar raga tun yana kore. Sauran duk furen da ya faɗi in bi in cire ɗanyen kwanson, in sa a leda in jefa a shara. Ba ya shiga tarin takina, don zafin takin gida ba ya kashe irin tafasa. Daga lokacin da kwanson irin ya fara ja, sai in rage masa ruwa ya bushe a tsaye, in girbe kafin sanyin Nuwamba ya kwantar da tsiron.

Wannan kwanon da na tsinka ya isa kwaɗon mutum huɗu. Bari in kashe tiyo in shiga ciki in ɗora ruwa, kashi na biyu a kicin za mu yi shi. Masu zaune a Ingila da Kanada da kuka tambaya ko za ta yi a wajenku, zafinku gajere ne, sai kun fara ta a cikin ɗaki a bakin taga tun Afrilu, ku fitar da ita a Yuni, ganye za ku samu amma da wuya ta kai ga iri. Sai mun haɗu a kicin, ku gaida gida.