Titin Cikin Gari: Laifin Direba Ne Ko Na Mai Tsallakawa?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da Bashir, kuma zancen titi za mu yi, irin babban titin nan na tsakiyar gari da ba ya rabuwa da motoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Malam, kai ne direba a cikinmu.

Malam Sani: To Hajiya, tunda an fara da ni. Mutum ga gadar sama an gina masa, sai ya ƙi hawa, ya faɗo titi a guje. In tsautsayi ya afku a ce direba. Wannan adalci ne?

Bashir: Malam, tsohuwa mai ciwon gwiwa fa? Ko mai keken guragu, ko mai goyo ɗauke da kaya? Ka ce su hau matakala su sauko, bayan sun yi zagaye mai nisa, don kawai su je wancan gefen da suke hange. Ai gadar don mota aka yi ta, don kada ta tsaya. Mutane kuwa inda ya fi kusa za su bi, ko an sa waya sai sun ɓula ta.

Malam Sani: To sai a yi yaya?

Bashir: A rage gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai tafiyar 30 kuwa mita 8 da ɗoriya. Direba na buƙatar kamar daƙiƙa guda daga ganin yaro zuwa taka birki. Ka ga a daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya cak, mai 50 yanzu ma ƙafarsa ta kai kan birki.

Hadiza: Subhanallah. Tsaya, sake faɗa.

Bashir: Ɗaya ya tsaya, ɗaya zai bugi yaron kusan da cikakken gudunsa. Shi ya sa taron ministocin ƙasashe kan kiyaye hatsarin hanya da aka yi a Stockholm, babban birnin Suwidin, a 2020 ya yi kira da a mayar da 30 ƙa'ida a duk inda mota ke cuɗanya da mutane. Brussels da Paris sun bi a 2021.

Malam Sani: Allo dai ko? An rubuta 30, kowa na zuba 60.

Bashir: Nan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, shi da kansa ke ce wa direba ya taka. Sai an matse layin motoci, an ɗaga wurin tsallakawa ya zama ɗan tudu, an kuma yi tsibiri a tsakiya, yadda mutum zai tsallake rabi ya tsaya ya duba ɗaya ɓangaren. Tunanin da Suwidin ta ɗauka ke nan a 1997: ɗan Adam sai ya yi kuskure, don haka a tsara titin yadda kuskuren ba zai zama ajalinsa ba. Birnin Oslo na ƙasar Norway ya shafe shekarar 2019 ba a kashe mai ƙafa ko mai keke ko ɗaya ba.

Hadiza: Masu keke fa? Ni layin fentin nan da ake ja musu bai taɓa kwanta mini ba.

Bashir: Fenti ba ya tare mota. Direbobi ma faka motocinsu suke a kai, mai keke ya koma tsakiyar titi. Sai an sa kankare ko turaku a tsakani. Amma wurin da ya fi ba ni tsoro mahaɗa ce, lokacin da babbar mota za ta sha kwana. Direban yana can sama, mai keken da ke maƙale a gefensa ba ya fitowa a madubi.

Malam Sani: Wannan gaskiya ne. Duk mai keken da ke jina, kada ka kuskura ka shiga gefen tirela a danja. Tsaya a bayanta. Amma Bashir, in an matse titi, cunkoson fa?

Bashir: A cikin gari ba a miƙaƙƙen titi kake ɓata lokaci ba, a danja ne da shataletale. Ka zuba gudu ka wuce ni, mu haɗu a jar wuta.

Malam Sani: Masu shaguna da ke sauke kaya a bakin titi ba za su yarda a ɗauke musu wurin fakin ba.

Hadiza: Su ma a ware musu wuri da lokaci mana, kamar da sassafe. Amma wannan rigima ce mai zaman kanta, kuma lokacinmu ya tafi. Mako mai zuwa da ita za mu fara. Malam Sani, Bashir, na gode.