Na Sa Wa Tsohuwar 486 Katin Memori a Gurbin Faifanta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa, ina gaishe ku daga nan Turai. Ku kasa kunne tukuna. Kun ji ƙas-ƙas ɗin nan? Faifan ajiyar (hard disk) wannan tsohuwar kwamfuta ƙirar 486 ne, kwanansa ya kusa ƙarewa. Ya haura shekara 30 yana juyi, jiya ma sai da na kunna sau uku kafin ya motsa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ita kwamfutar lafiyarta lau, ba zan yarda ta mutu saboda shi ba.

Ga abin da zai maye gurbinsa: katin CompactFlash, irin na manyan kyamarori. SanDisk ce ta fito da shi a 1994, kuma na fifita shi a kan SD ne saboda tun asali yana jin yaren IDE, wato tsarin da tsofaffin kwamfutoci ke magana da faifansu. Ku dubi adaftar nan, babu wani abin fassara a jikinta, layukan wuta ne kawai suke haɗa ramuka 50 na katin da haƙora 40 na kebul. Ita ta SD dole sai da tafinta a tsakani, kuma ba kowane tsohon inji ke shiri da shi ba. Mai laftop ko tsohuwar kwamfutar nan Amiga 1200 ya nemi adafta mai haƙora 44, wadda wutarta ke bi ta kebul ɗin. Tawa daga filogin fulofi take shan wuta.

To, a nan ne mutane ke tuntuɓe. Sai ka ga an sayo ƙaton kati, wai girma shi ne alheri. BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta ta gane kayan jikinta, a yawancin injunan da suka riga 1994 iyakar lissafinsa na faifai silinda 1024, kai 16, sekta 63, wato megabait 504, abin da ya haura nan ba ya ganinsa. Ko da ya gani, MS-DOS 6.22, manhajar da ke tafiyar da injin, ba ta riƙe fiye da gigabait 2 a kashi ɗaya na faifai (partition). Ni kati mai megabait 256 na ɗauko, kuma wallahi ya ishi duk abin da injin nan zai yi.

Ni ma na sha wuya a gwajin farko. Na yi wa katin fomatin a sabuwar kwamfuta, na zuba fayiloli, na dawo da shi nan, sai ɗan layi kawai ke ƙyaftawa a baƙin sikirin. Ashe lissafin silinda da sekta na injunan biyu ne bai zo ɗaya ba. Saboda haka a cikin tsohuwar ake yin komai. BIOS ya fara gane katin, a tashi da fulofin DOS, a shiga FDISK, manhajar yanka faifai kashi-kashi, a goge kashin da katin ya zo da shi, a yanka sabo a sa shi ya zama na tashi. A sake kunnawa, sannan FORMAT C: /S. In ya ƙi, FDISK /MBR kan warware matsalar.

Masu Windows 95 da 98, ku sani suna yawan rubutu a fayil ɗin musaya (swap file), inda suke ajiye abin da RAM ya kasa ɗauka, kuma rubutu ne ke cinye ƙwayoyin kati. Ku ƙara RAM, ko ku nemi kati irin na masana'antu.

Bismillah, bari mu kunna. Ga ƙidayar RAM… ga alamar C ta DOS ta fito! Ko ƙyas ba ku ji ba, sai fanka. Gaskiya zan yi kewar gurnanin nan, da shi nake gane inji na aiki ko ya tsaya. Amma yanzu in na so ajiye kwafi, zare katin kawai zan yi in sa a na'urar karanta kati, cikin ɗan lokaci an kwashe komai.

Saura tsohon faifan. Zan sauya ɗan toshen da ke bayansa ya koma na biyu a kebul ɗaya, in kwashe abin da ke ciki yau ɗin nan, tun yana iya juyawa. Bari in kashe wuta in ɗauko sukundireba.