Sharhi: Faifan da Don Williams ya yi a tsufansa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya yi tafiyar dare a motar haya tsakanin Kano da Kaduna, ko Jos da Bauchi, a zamanin da kaset ke tashe, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Don Williams ba, ko da kuwa bai san sunan mai ita ba. Direba zai sa Shata tun daga tasha, a yi ta hira ana shewa. In dare ya tsala, fasinjoji sun fara gyangyaɗi, sai ya laluba aljihun mota ya zaro wani kaset da rubutun jikinsa ya goge saboda tsufa. Ina tuna wani direba da na taɓa zama a gefensa, rediyon motar ya cinye masa zaren kaset ɗin. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ari biro a hannuna, ya zura a ramin kaset ya dinga juyawa a hankali har zaren ya koma daidai. Na tambaye shi ko yana jin Turanci. Ya ce ko "zo in kashe ka" bai sani ba, amma wannan Bature in yana waƙa, ji yake kamar wani dattijo ne zaune kusa da shi yana hana shi gudu.

Yawancinmu a nan muka tsaya da Don Williams, wato a waƙoƙinsa na shekarun 1970 da 1980, irin su "You're My Best Friend" da "I Believe in You", waɗanda ake aika wa masoya a shirin zaɓi sonka. Kaset ya wuce, mu ma muka wuce, muka ɗauka mutumin ya gama. Ashe da sauransa. A watan Maris na 2014, yana da shekara 74, ya fitar da wani kundin waƙoƙi mai suna Reflections a ƙarƙashin kamfanin Sugar Hill, waƙa goma ne a ciki, kuma shi ne kundin sababbin waƙoƙi na ƙarshe da ya fitar yana raye. A kansa nake so mu yi magana yau, domin a ganina wanda ya so Don Williams na ƙuruciya bai kuma ji wannan ba, ya ci tuwo ne ya bar ƙanzo, alhali a nan daɗin ya taru.

An haife shi ranar 27 ga Mayun 1939 a Floydada, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Texas ta Amurka, ya kuma tashi a garin Portland da ke gaɓar teku a jihar. Mahaifinsa makanike ne, mahaifiyarsa ce ta fara koya masa kaɗa jita. A 1964 ya shiga wata ƙungiyar mawaƙa uku mai suna Pozo-Seco Singers, masu yin waƙoƙin gargajiyar Turawan Amurka, irin waɗanda ake rerawa da jitar katako ba tare da rugugin ganguna ba. Da ƙungiyar ta watse, sai ya koma sayar da kujeru da gadaje a shagon surukinsa. Daga baya ya nufi Nashville, cibiyar waƙoƙin karkara da ake kira kantiri, inda Jack Clement ya ɗauke shi aikin rubuta wa wasu waƙa. Sai a 1973 kundinsa na farko ya fito, lokacin ya haura talatin, da mata da 'ya'ya. Wannan jinkirin ya yi masa rana: da hankalinsa ya shigo harkar. Waƙoƙinsa 17 ne suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka, kuma saboda tsayinsa da sanyin halinsa aka yi masa laƙabi da ƙato mai taushin hali.

A lokacin da ya fito, abin da ake yayi a Nashville shi ne a cika waƙa da kayan kiɗa, goge a kan goge, 'yan amshi a kan 'yan amshi, har muryar mawaƙi ta nemi nutsewa. Shi da abokan aikinsa, Allen Reynolds da farko, daga baya Garth Fundis, sai suka yi ta ragewa. Jitar katako, jita mai kaurin sauti da ke riƙe da gindin kiɗan, da wata jitar da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe tana fitar da sauti kamar kukan nesa. Makaɗinsa Kenny Malone sau da yawa da tafin hannu yake buga ganga, ba da sanda ba. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya sa kunnenmu ya karɓe shi da wuri, don kiɗan tafin hannu ba baƙonmu ba ne. Kuma ba mu kaɗai ba ne a Afirka: a 1997 ya je Harare ta ƙasar Zimbabuwe ya yi wasa, jama'a suka cika wuri suna bin waƙoƙinsa baiti-baiti.

A 2006 ya yi zagayen bankwana ya koma gonarsa. A 2010 ya dawo, a shekarar ce kuma aka shigar da sunansa zauren girmama gwanayen waƙar kantiri. Ya yi kundin And So It Goes a 2012, inda manyan mawaƙa irin su Alison Krauss da Vince Gill da Keith Urban suka taya shi. Sai Reflections, wanda suka sake haɗuwa da Garth Fundis suka shirya.

Akwai abin da ya kamata mai sauraro Bahaushe ya sani kafin ya ji faifan. A wajenmu mawaƙi shi ne mai waƙarsa. In ka ji wani yana rera ta wani, sai a ce kwaikwayo yake yi, darajarsa ta ragu. A Nashville ba haka abin yake ba. Rubuta waƙa sana'a ce mai zaman kanta, zaɓen waƙar da ta dace da bakinka kuma wata gwaninta ce daban. Don Williams ya iya rubutu, shi ya rubuta "Lay Down Beside Me" da "Love Me Over Again". Amma manyan waƙoƙin wannan kundi na wasu ne, kuma abin da ya yi da su shi ne ya sa nake wannan sharhi.

Ku ɗauki waƙar da ta buɗe faifan, "I'll Be Here in the Morning". Townes Van Zandt ne ya rubuta ta, shi ma ɗan Texas, ta fito a kundinsa na farko a 1968 yana ɗan shekara 24. Townes haziƙi ne wanda marubuta waƙa ke sara wa har gobe, amma mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba, giya ta ci ƙarfinsa, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1997 yana da shekara 52. A waƙar, wani mutum ne da hanya ke kira, yana lallashin masoyiyarsa ta rufe ido ta yi barci, yana ce mata in gari ya waye za ta same shi. Iyakar alkawarin ke nan: zuwa safiya, da ɗan abin da ya biyo baya. In ka ji ta a bakin Townes sai tausayin matar ya kama ka, don muryarsa na rawa, kana jin takalminsa na bakin ƙofa. To ga kalmomin nan, ba a canza su ba, a bakin mutumin da ya auri matarsa Joy a 1960 kuma suna tare kusan shekara 54 a lokacin da faifan ya fito. Ma'anar sai ta juye gaba ɗaya. Alkawarin ya zama na wanda ya riga ya cika shi sau dubbai, safiya bayan safiya. Kuma da yake tsoho ne ke faɗa, wannan "ɗan lokaci" da ya ce zai ƙara yi tare da ita sai ya ɗauki wani nauyi da matashi ba zai iya ɗora masa ba. Ranar da na fara jin ta, sai da na mayar da ita farko sau uku kafin na bar faifan ya ci gaba.

Muryar ta tsufa, babu shakka. Ta ƙara yin ƙasa, akwai ɗan gurnani a gindinta, kuma a ƙarshen wasu baitoci kana jin numfashin ya gajarta. Ba su ɓoye wannan ba. A zamanin da kwamfuta ke iya goge wa mawaƙi duk wata tangarɗa har ya fito sumul kamar ɗan shekara ashirin, sun bar muryar a gaba, kayan kiɗa na biye da ita a baya kamar yaran da ke rakiyar kakansu masallaci, babu mai wuce shi. Shi kuma bai yi ƙoƙarin kai murya inda ba za ta kai ba. Dama can ba mai ihu ba ne, don haka tsufa bai ƙwace masa wani abin da yake taƙama da shi ba.

Waƙa ta biyu da nake so ku kasa kunne gare ta ita ce "Sing Me Back Home" ta Merle Haggard, wadda ta fito a 1967. Haggard ya yi zaman gidan yarin San Quentin a Kaliforniya yana saurayi, kuma daga abin da ya gani a can ya samo ta. Labarin wani fursuna ne da gandiroba ya tasa a gaba zuwa inda za a zartar masa da hukuncin kisa. Suna wucewa ta gaban ɗakunan 'yan'uwansa, sai ya roƙi a bar abokinsa mai jita ya rera masa wata tsohuwar waƙa da za ta mayar da shi gida, wurin mahaifiyarsa, kafin ya mutu. Haggard ya rera ta a matsayin wanda ya tsaya a bayan ƙarfen ya gani da idonsa. Don Williams bai taɓa zaman kurkuku ba, bai kuma yi kamar ya taɓa ba. Ya rera ta a natse, kamar mai ba da labarin rasuwar da aka daɗe da yi, wadda zafinta ya lafa amma ba a manta ba. Ba ya matsa maka ka yi kuka. Sai dai in ka tuna cewa mai rerawar ya ba saba'in baya, za ka fahimci ba fursunan kaɗai ne ke neman a rera masa waƙar komawa gida ba.

Akwai "Talk Is Cheap", wadda Guy Clark ya rubuta tare da Chris Stapleton da Morgane Hayes, mai cewa a bar zance a fatar baki a tashi a yi, lokaci na tafiya. Ita ce mai ɗan motsi a faifan, tana sa ka kaɗa ƙafa. Akwai "If I Were Free" ta Jesse Winchester, mawaƙin da ya bar Amurka ya koma Kanada a 1967 don kada a tura shi yaƙin Biyetnam. Sai kuma "Stronger Back", wadda addu'a ce daga farko har ƙarshe: mutum ya daina roƙon a rage masa kaya, ya koma roƙon a ƙara wa bayansa ƙarfi da zuciyarsa faɗi. Wanda ya san waƙarsa ta 1981, "Lord, I Hope This Day Is Good", zai ji kamar mutum ɗaya ne ke addu'ar, sai dai shekara talatin da wani abu sun koya masa abin da ya fi dacewa ya roƙa. Iyayenmu mata ma in ka yi musu jaje ba sa cewa komai sai "Allah dai ya ba mu juriya."

Ba zan ce muku faifan ba shi da rauni ba. "Back to the Simple Things", mai begen rayuwar da, ba ta kama ni kamar sauran ba, don irin wannan kukan na "zamani ya lalace" an yi shi har ya gaji, kuma mutumin da duk rayuwarsa ta nuna sauƙin kai ba ya buƙatar ya faɗa da baki. Sannan tafiyar waƙoƙin kusan iri ɗaya ce. Wanda ya sa shi yana tsakiyar hada-hadar kasuwa zai ce ai duk waƙa ɗaya ce. Faifan bayan sallar isha'i ne, lokacin da yara suka kwanta, aka rage fitila.

Wani abu da ke taɓa ni duk lokacin da na duba sunayen da ke bayan faifan shi ne yadda suka bi juna. Jesse Winchester ya rasu a watan Afrilun 2014, wata ɗaya bayan fitowar kundin. Merle Haggard ya rasu ranar 6 ga Afrilun 2016, ranar da ya cika shekara 79 cif. Guy Clark ya bi shi a watan Mayun shekarar. A watan Maris na 2016 ɗin ne Don Williams ya sanar cewa ya ajiye jita, zai zauna a gida. Ranar 8 ga Satumbar 2017 ya rasu a Mobile ta jihar Alabama, sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 78. Ya tattara waƙoƙin sa'o'insa ya rera su da bakinsa a daidai lokacin da ayarinsu ke shirin tashi.

A shekarunsa na ƙarshe, in ya fito gaban jama'a, a kan doguwar kujera yake zama, da tsohuwar malafarsa a ka, da furfurar gemu, jita a cinya. Ba ya rawa, ba ya yawan surutu tsakanin waƙa da waƙa. In jama'a suka karɓe waƙar suna rerawa, sai ya yi shiru ya bar musu, yana murmushi. Haka nake so ku hango shi yanzu.

Direbobinmu da ke kan hanya a daren nan, a rage gudu, Allah ya kai ku lafiya. Ga Don Williams da waƙar farko a kundin Reflections. A yi sauraro lafiya.