Sharhi: Binciken Bauta a Adar, Daga Jami'a Zuwa Zauren Gari

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Idan aka ɗauko zancen ayarin Voulet da Chanoine, sojojin Faransa da suka ratsa ƙasar nan a 1899 suna ƙone garuruwa, kowa yana da abin faɗa. An san kisan gillar da suka yi a Birnin Ƙonni, an san yadda Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu. Haka kuwa ya kamata. To amma a wannan yanki na Ƙonni ne, a 1996, aka sayar da wata yarinya ƴar shekara 12 mai suna Hadijatu Mani a kan jika 240 na sefa, aka kai ta gidan wani magidanci a matsayin wahaya, wato mace ta biyar wadda ba a ɗaura mata aure ba, babu sadaki, babu shaidu. Wannan zancen in ya taso a majalisa sai ka ga an sunkuyar da kai, wani ya ce tsohon zance ne, wani ya ce a bar tone-tone. A kansa sharhinmu na yau zai tsaya, da yadda masu bincike na jami'a za su taɓa shi ba tare da sun ɓata abin da suka je gyarawa ba.

Masana ba su yi ƙaranci ba. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, mai ajiye dubban rubuce-rubucen Larabci da Ajami. Akwai CELHTO da ke tattara tarihin baka tun 1968, akwai LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa a 2001. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar tun a 1975. Jean-Pierre Olivier de Sardan ya naɗi labaran jikokin bayi a ƙasar Zabarma, Benedetta Rossi ta shafe shekaru tana bin sawun bauta da aikin ƙarfi a yankin Keita da kewayensa. Sai dai kusan duk wannan aiki da Faransanci ko Ingilishi aka wallafa shi, yana jibge a ɗakunan karatu na Yamai da Turai, tsohuwar da ta ba da labarin a ƙauye kuwa ba ta taɓa jin abin da aka yi da maganarta ba.

Bari mu fara da ƙidaya, domin a nan aka fara yin tuntuɓe. A farkon shekarun 2000 ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991, ta tattauna da mutum kusan 11,000 a sassan ƙasar nan. Daga wannan aiki guda alƙaluma biyu suka fito suna yawo a duniya: bayi 43,000 a ƙalla, da kuma fiye da 870,000. Tazarar ta ninka sau ashirin. Yaya haka ke faruwa? Idan aka tambayi mutum goma da ke ƙarƙashin ubangida ɗaya, kowanne aka ce ya faɗi yawan bayin ubangidansa, kowanne ya ce ɗari, sannan aka tara amsoshin, an samu dubu ke nan alhali ɗari ne. Haka kuma in ba a bambance ba tsakanin wanda har yanzu yake kiwon dabbobin wani ba lada, da wanda yake garinsa yana noman kansa amma ana zuwa karɓar wani kaso na amfanin gona, da wanda babu mai iko da shi sai dai tabon asali da ke hana shi aure ko limanci ko sarauta, to an cakuɗa abubuwa uku da maganinsu ya sha bamban. Na farko yana buƙatar jandarma da alƙali. Na biyu rigimar gona ce. Na uku sai an yi shekaru ana magana.

Sakamakon wannan ruɗani kowa ya gani. Muhawara ta bar kan mutane ta koma kan lamba. A watan Maris na 2005 aka shirya bikin ƴanta mutum 7,000 a Inates, jahar Tilaberi, bikin ya watse, hukumomi suka ce babu bauta a Nijar, daga baya aka kama shugaban Timidria Ilguilas Weila, kafin a sake shi. Duk da cewa tun ranar 13 ga Yunin 2003 doka ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga mai bautar da mutum.

Abin da babbar lamba ta kasa yi, takardun mace guda suka yi shi. A Agustan 2005 ubangidan Hadijatu Mani ya sa hannu a takardar ƴanta ta, sannan ya hana ta tafiya, ya ce matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta duba ta ce babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu yardarta, saboda haka babu aure. Kotu ta sama ta soke wannan hukunci. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata wata shida a gidan kaso bisa laifin aure kan aure. Kowane mataki yana da takarda da kwanan wata, kuma su lauyoyi suka ɗauka suka shimfiɗa a gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda ta yanke hukunci a Yamai ranar 27 ga Oktoban 2008 cewa gwamnati ta gaza kare ta, ta kuma umurci a biya ta sefa miliyan 10. A watan Mayun 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani dattijo shekara huɗu saboda ajiye wahaya. Tunda Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, nauyin irin wannan shari'a ya dawo kan kotunan cikin gida, kuma su ma hujja suke nema, mai suna da wuri da rana.

Saboda haka ɗalibin da zai fita daga Tawa zuwa Madawa, Buza, Illela ko Abalak da na'urar ɗaukar murya, ya san cewa rabin aikinsa yana ƙarewa kafin ya yi tambayar farko. Dole ne ya gaida hakimi ko mai gari, ladabi ne kuma tsaro ne. Amma kada ya yarda a ba shi ɗan gidan sarauta ya zame masa tafinta ko ɗan rakiya. Wanda kakansa ya yi wa wannan gida bauta ba zai buɗe baki a gaban jikan gidan ba, zai ce lafiya lau ake zaune, ɗalibi ya rubuta, ya koma da ƙarya a cikin jakarsa yana murna. Masauki ma haka: in ka kwana a zauren mai gari, gari ya riga ya yanke hukuncin ko kai na wane ne.

Kada kuma ya tambayi mutum kai tsaye ko shi bawa ne. Wani zai ji an zage shi, wani zai amsa da e don yana zaton agaji ne ya zo. Tambayoyin da ke fito da gaskiya na zaman yau da kullum ne. Gonar nan da kake nomawa, wa ya ba ka, kuma in an yi girbi dami nawa ke fita, zuwa gidan wa? Da aka aurar da ƴarka, hannun wa sadakin ya shiga? Da mahaifinka ya rasu, wa ya kwashi dabbobinsa? In kana son tafiya cin rani Abijan ko Libiya, sai ka nemi izinin wani? Amsar waɗannan ita ke nuna a wane hali mutum yake, ko da shi kansa bai kira shi da suna ba.

Ɓangaren mata ya fi kowanne wuya, kuma nan ne bautar ta fi daɗewa. Namiji yana iya tafiya cin rani ya ƙi dawowa, mace mai goyo da ƴaƴa a gidan ubangida ba ta da wannan ƙofa, domin in ta tafi ƴaƴan za a riƙe. Mace ce za ta tattauna da ita, cikin harshenta, Hausa ko Tamashek, a inda uwargida ko kishiyoyi ba sa ji, a lokacin da fitarta ba za ta jawo tambaya ba. Zama ɗaya ba ya isa. A na farko gaisuwa ce da sanin juna. A nemi yardarta da baki a naɗa, tunda sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa ba yarda ba ce. A faɗa mata sarai cewa babu kuɗi a ciki, kuma tana iya tsayawa duk lokacin da ta so. Canja sunanta kawai ba ya ɓoye ta: a ƙauye mai gida arba'in, in ka rubuta cewa an kawo ta daga arewa tana ƴar shekara goma kuma tana da ƴaƴa uku, kowa ya gane ta. A canja sunan ƙauyen, a rage bayanan da ke nuna ta, takardar da ke haɗa sunan gaskiya da na aro kuma a ajiye ta daban da muryoyin. Waya ba ma'ajiya ba ce. Murya ɗaya ta zille zuwa WhatsApp, an gama da matar.

Takardun zamanin Nasara su ma da hankali ake karanta su. Bayan dokar 12 ga Disamban 1905 da ta haramta bautarwa da cinikin bayi a Afirka ta Yamma ta Faransa, kumandan, wato Bafaranshen da ke mulkin yanki, ba ya son rubuta wa na sama da shi cewa akwai bayi a ƙasarsa, sai ya kira su barori. Shi kansa yana buƙatar sarakuna su kawo masa haraji da ƴan aikin tilas, aikin da bai ƙare ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 1946. Wanda ya dogara da rahoton kumandan kaɗai zai ɗauka bauta ta mutu tun 1905. Rajistar kotuna ta fi faɗin gaskiya, a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai da kuma ta Dakar. A can matan suke, sai dai ƙararsu tana fitowa da sunan neman saki, ko rigimar riƙon ƴaƴa, ko gudu daga gidan miji. Sai an karanta shari'ar har ƙarshe ake gane cewa mijin nan ubangida ne.

Akwai wani kuskure da ke shigowa tare da littattafan waje da kuɗin masu ɗaukar nauyin bincike. A Amurka zancen bauta zancen fari da baƙi ne, kuma jami'o'insu sun yi abin koyi: Jami'ar Georgetown ta buɗe kundinta ta amsa cewa a 1838 an sayar da mutum 272 don biyan bashinta. Amma ma'aunin can ba ya auna namu daidai. Gaskiya ne a wasu sassan arewa launin fata yana tafiya da matsayi, ana kallon baƙin mutum a matsayin jikan bawa ko da ba shi ba ne. A ƙasar Hausa da Zabarma kuwa mai gida da bawansa launinsu ɗaya, harshensu ɗaya, sahunsu ɗaya a masallaci. Asali ake bi, kuma sai an zo neman aure ake tono shi. Mai binciken da ya zo da tabarau na launi kaɗai zai ɗora laifin duka a kan ƙabila guda, ya wanke sauran, ya kuma hura wutar da ƙasar nan ba ta buƙata. Malamanmu suna da abin faɗa a nan, in an gayyace su da mutunci: tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce.

Saura mayar da sakamako ga masu shi, wanda galibi ake barinsa sai kuɗin aiki sun ƙare. A sa shi cikin kasafi tun farko: mota, fassara, lokacin rediyo. Tsarin zama yana da muhimmanci. A fara da waɗanda suka ba da labari, mata daban, a karanta musu abin da aka rubuta da harshensu, su gyara, su ce a cire abin da suke tsoro. Bayan nan a zauna da sarakuna da malamai a keɓe, don kada su fara jin zancen a bainar jama'a su ɗauka an shirya tozarta su. Sai a ƙarshe taron gari da rediyo. Wanda ya juya wannan tsari ya fara da babban taro a otal a Yamai, da Faransanci, da ƴan jarida, ya sami hoto, ƙauyen kuma ya rufe masa ƙofa shi da duk ɗalibin da zai biyo bayansa. Yanzu da kundin ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, jami'o'inmu ba su da uzurin ƙin neman kowane ɗalibi ya haɗa taƙaitaccen bayanin bincikensa da Hausa, da kuma harshen mutanen da ya yi aiki a cikinsu.

Mu ma ƴan rediyo da namu rabon. Shirin kiran waya kai tsaye a kan wannan batu yana da haɗari, domin mai kira ɗaya ya ambaci sunan wani gida ya ce bayin kakansa ne, kafin a katse shi magana ta riga ta fita, aure na iya mutuwa a daren. A naɗi kiraye-kirayen a tace kafin a watsa. Kuma kada a buɗe zancen sai an tanadi inda za a tura wanda zai zo washegari da matsalarsa, don tabbas zai zo. Mai rigimar gona a nuna masa hukumar filaye ta COFO da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Ƴaƴan wahaya da ba su da takardar haihuwa a kai su kotu a yi musu takardar maye gurbi, domin sai da ita ake zana jarrabawa, da ita ake neman gado. Wadda har yanzu take tsare a gidan wani kuwa ba sai ta tsaya ita kaɗai a gaban alƙali ba: dokar 2003 ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta masu rajista damar shigar da ƙara a kan irin wannan laifi.

Sai kuma wani lokaci, a huta lafiya.